Takardun da Yaya Ya Ba Ni In Kai

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na Allah ne mu, wurinsa za mu koma, kuma yayana ya riga ni komawa kamar yadda ya riga ni zuwa, ya riga ni hankali, ya riga ni komai. Ya rasu ran wata Talata cikin daminar nan, bayan azahar, a gidanmu na gado da ke Ƙofar Jatau. Shi ne babban malamin makarantar elemantaren da ke bayan unguwarmu. Ni kuwa masinja ne a ofishin da ke kula da makarantu. Karatuna aji biyu ne da rabi, rabin ma a kan katanga na yi shi ina jifan ƙadangaru. Saboda haka wanda ya ga rubutun nan kamar kaza ta bi ta kan ɗanyen yaɓe, ya yi haƙuri. Wanda ya iya rubutu a gidanmu shi muka kai makwanci.

Kwana uku zaurenmu bai huta ba. An shimfiɗa tabarmi har bakin hanya, takalma sun yi tsibi kamar a ƙofar masallacin Juma'a. Gwaggonmu, ƙanwar mahaifinmu, wadda ta goya mu mu biyun, ta sa aka kira ni cikin gida. Ta kalle ni ta ce, "Mutuwa ba ta iya zaɓe ba. In ɗaya take so cikinku, ga ka nan a zaune, ba aikin fari ba na baƙi?"

Na ce, "Gwaggo, ai ta leƙo ni, ta ga ba riba."

Ba ta yi dariya ba. Ni ma ban yi ba.

Waɗanda suka yi karatu a hannunsa sun zo, wasu har da furfurarsu. Wani malamin asibiti ya ce a gaban jama'a, "Ni dolo ake kirana a aji, har na yarda. Malam ne ya kama kunnena, ba don ya murɗe ba, ya leƙa ciki ya ga mugunya. Wata biyu yana wanke mini da ruwan ɗumi. Ashe ba dolo ba ne ni, ji ne ba na yi." Wani maɗinki kuma ya ce shi abin da ba zai manta ba, Malam bai taɓa ɗaga wa yaro bulala ba sai ya fara tambayarsa ko ya karya kumallo. Ya ce, "To wa zai ce ya karya? Duk ajin muka zama mayunwata." Aka yi 'yar dariya irin ta makoki, wadda ake haɗiye rabinta.

Amma kunnen masinja ba ya hutu. Can gefen zaure, inda iyayen yaran yanzu suka zauna, na ji wani yana cewa ƙasa-ƙasa, "Allah ya jiƙansa, ba a faɗin aibin mamaci. Amma 'yan shekarun nan makarantar ta mutu a hannunsa. Yaro ya yi shekara huɗu yana goge gindin wando, a je jarrabawar shiga makarantar Midil a dawo hannu rabbana." Na kusa da shi ya ce, "Tsufa ne. Ya gaji."

Ran sadakar uku Babban Akawun ofishinmu ya zo, maigidana a wurin aiki, da zugar ƙananan akawuna da malamai a bayansa. Aka yi addu'a aka shafa. Ya gyara babbar riga ya ce, "Ni abin da zan shaidi Malam da shi, mutum ne marar damu. Sauran malamai kullum ƙorafi, kullum takarda. Shi kuwa tun da na hau kujerar nan ko layi ɗaya bai taɓa aiko mini ba."

Zaure ya ɗauka, "Allahu akbar! Halin kirki ke nan."

Goron da ke bakina ya koma ƙasa. Domin ya aiko. Shekara bakwai yana aikowa, kuma a hannuna yake bayarwa. A lokacin da Babban Akawu ke wannan magana, takardun suna rataye a ɗakina cikin tsohuwar jakar fata, taku ashirin daga inda yake zaune. Ko ɗaya ban kai ba.

Da abin ya tsaya a nan, da wataƙila na haɗiye shi na mutu da shi, don ni gwanin haɗiye abu ne. Amma bayan sati biyu sabon mai duba makarantu, wani matashin malami da aka kawo mana bana, ya je ya ga makarantar, ya dawo ya buɗe fayil ɗinta don ya san me ya sa yaran ke faɗuwa. Bai sami komai daga babban malami ba. Ina shara kusa da tafireta na ji akawu yana buga rahotonsa, yana karantawa a fili yadda ya saba: "Babban malamin da ya rasu bai taɓa sanar da ofis wata matsala ba. Faɗuwar yaran daga sakacinsa take." Ƙarshen wata za a kai wa Baturen da ke shugabantar makarantu rahoton, kuma ni ne mai kaiwa. Mutum yana mutuwa, fayil ba ya mutuwa. Duk wanda ya buɗe shi bayan mun shuɗe, abin da zai sani game da Yaya ke nan.

To bari in faɗi wane ne wannan mai sakacin.

Yaya ba ya fara kiran suna da safe sai ya bi layi yana duban leɓɓan yara. Wanda ya ga leɓensa ya bushe ya yi fari, sai ya nuna masa bayan aji da haɓa, ba tare da ya ce komai ba don kada ya kunyata shi. A can akwai tulun koko da ludayi. Matarsa ke damawa kullum, da geron gonarsa ta wajen Ƙofar Gayan, har ta kan ce ita ta auri malami ɗaya aka haɗa mata da 'ya'ya arba'in marasa kawo gaisuwar Sallah. In an ce masa wannan ba aikin malami ba ne, sai ya ce, "Da ruwan ciki ake jan na rijiya." Da damina kuwa, in kurkunu ya kama ƙafafun yara saboda ruwan kududdufin da suke sha a bayan makaranta, za ka same shi durƙushe da ɗan tsinke yana naɗe tsutsar a hankali, yana tambayar mai ƙafar bakwai sau takwas nawa ne.

Yana da wata magana da ƙananan malamai suka gaji da ji. "Kafin ka ce yaro dolo ne, duba cikinsa, duba idonsa, duba ƙafarsa. In duk lafiya, to duba malaminsa."

A kaina ya koyi wannan. Lokacin da aka sa mu makaranta muna yara, bayan aji aka ajiye ni saboda ƙiriniya. Daga can babban allo hayaƙi ne kawai a wurina. Ni kuwa na ɗauka kowa haka yake gani, sauran yaran wani asiri gare su da suke sanin abin da malam ya rubuta. Na sha bulala har na gaji, na tsallake katanga ban koma ba. Gida da waje aka yarda kaina ne babu komai a ciki, ni ma na sa hannu. Sai da na haura arba'in, wata rana muna dawowa daga masallaci ni da Yaya, na rusuna na ce, "Allah gafarta Malam, barka da rana." Ashe jaki ne da farin buhu a bayansa. Yaran unguwa suka yi ta birgima don dariya. Yaya bai yi dariya ba. Ya tsaya yana kallona kamar yau ya fara ganina.

Washegari ya ɗora ni a bayan kekensa har asibitin Wusasa, yana tuƙi yana haki, don tun yana saurayi yake da fuka. Likita ya gwada idona, bayan 'yan makonni tabarau ya iso. Ranar da na sa shi, a hanyar dawowa na ce, "Yaya, ashe rimi ganye ɗai-ɗai gare shi?" Sai ya sauka daga keken, ya zauna a bakin hanya ya dafe kai. Ya ce, "Auta, shekara talatin muna ce maka dolo." Auta yake kirana har na yi furfura.

Daga ranar ya ɗaura aniyar biyan abin da ba shi ya ci ba. Kullum bayan la'asar ya zaunar da ni a zaure da ɗan allo da alli, ni da gemuna, yana koya mini haɗa baƙi. Matarsa in ta aiko mana da ruwa sai ta ɗaga murya daga ciki, "A gaida ƙaramin miji ɗan aji ɗaya! Yau an ci bulala nawa?" In ce, "Ki bari in gama, ni zan riƙa rubuta miki wasiƙar soyayya." Haka muke da ita, wasan ƙanen miji da matar wa, shekara da shekaru. A shekara biyu na iya karatu, a hankali dai, kamar mai tsallake rafi a kan duwatsu.

Kaico. Da bai koya mini ba, da na kai takardunsa yadda jaki ke kai kaya, bai san abin da ke cikin buhu ba.

Aikin masinja yana da nasa ilimin da ba a koyarwa a aji. Tsohon da na gada shi ya karantar da ni. Ya ce takarda iri uku ce. Akwai mai sanyi, wannan ka miƙa ta ko maigida na cin abinci. Akwai mai ɗumi, wannan ka duba fuskarsa tukuna, in ya yi dariya sau biyu ka sa ta a ƙasan tire. Akwai mai zafi, wannan ba a miƙa ta sai ta huce, don tana ƙona wanda ya rubuta da wanda ya kawo. Na kuma gani da idona. Wani malami ya taɓa rubuto ƙorafi mai zafi, kafin wata ya ƙare aka cilla shi wani ƙauye da in damina ta sauka ko jaki ba ya shiga. Bayan shekara biyu a kan amalanke aka dawo da shi.

Takardar Yaya ta farko, a gindin wani rimi na tsaya na buɗe ta, don bai liƙe ba. Yaya ba ya liƙe takarda in ni zai ba. Abu huɗu ya roƙa. A ba shi izini a fasa taga a bangon gabas na babban aji, don ɗakin duhu gare shi, na baya ba sa ganin allo. A haƙa rijiya, yara su daina shan kududdufi. A yi wa iyaye magana, don in Sallah ta matso sai su janye yara wata guda cur su zaunar da su ɗinkin riguna da huluna. Na huɗun shi ne wutar. Ya ce ƙananan malamai ba sa isowa makaranta sai hantsi ya dubi ludayi, don kowa sai ya fara zuwa gaisuwar safe a zauren Babban Akawu, ya zauna har a sallame shi, saboda kowa ya san ƙarin girma a zauren ake samunsa, ba a aji ba.

Gaskiya ce tsagwaronta. Ni kaina a zauren nake karyawa kullum. Ofis ba ya buɗuwa sosai sai an watse daga can, takardu su yi ta kwana a tire.

Na juya na koma gida na same shi. A nan muka yi faɗan da ba mu taɓa yin irinsa ba.

Na ce, "Yaya, cire na huɗun."

Ya ce, "Ka karanta ke nan?"

"Wa ya koya mini?"

Ya ce, "In na cire na huɗun, sauran ukun ƙarya ne. Taga me za ta yi wa ajin da ba malami?"

Na ce, "Za su cilla ka daji. Da wannan ƙirjin naka mai kukan kyanwa, damina ɗaya za ka yi."

Ya ce, "Auta, ku tsoro ne ya cinye ku a ofishin nan. Akawu mai tsoron taransifa da yaro mai tsoron bulala duk ɗaya ne. Hannu na rawa ba ya rubuta daidai. Kun mai da zaure ofis, kun mai da ofis wurin hutawa, sannan ku zo ƙarshen shekara kuna tambayar me ya sa yara suka faɗi."

Raina ya ɓaci, bakina kuwa ba linzami. Na ce, "Kai da ka yi karatun me ka tsinana? Sa'o'inka suna kan doki, kai kana kan keken da ya girmi 'yarka. Girman kai ne kawai, ka fi ƙarfin ka durƙusa ka gaida mutum."

Ya miƙo mini takardar ya ce, "Aikinka kaiwa ne. Kai ta."

Na karɓa na ce to. A raina na ce bari ta huce, sati ɗaya, sati biyu. Na jefa ta a jakar fata. Wata guda ba mu yi magana ba sai gaisuwa. Ranar da muka shirya, abin da ya fara tambayata shi ne, "Ka miƙa?"

"Na miƙa."

"Me suka ce?"

"Sun ce ana dubawa."

Wallahi ban shirya ƙaryar ba, ita ta fito da kanta, don ita ce amsar da muke ba kowa a ofis. Bayan wata uku ya rubuta ta biyu yana tuni da ta farko. To yaya zan kai ta biyu, a tambaye ni ina ta farkon? Ta bi 'yar'uwarta cikin jaka. Haka ta uku, haka ta goma. Takarda ba ta hucewa a jaka, wannan tsohon masinja bai gaya mini ba. Ƙara zafi take yi.

Mai duba makarantu na wancan lokacin tsoho ne, sau ɗaya yake zuwa a shekara, ya duba rajista, ya ci kaza, ya hau doki. Yaya ya gaya masa komai da baki, ya ce, "Malam, sa a rubuce." Sau ɗaya kuma Yaya ya gaji ya zo ofis da ƙafarsa. Na hango kekensa daga nesa, albarkacin tabaran da ya saya mini, na ruga na tare shi a bakin ƙofa na ce Babban Akawu ya tafi rangadi. Alhali Babban Akawun yana ciki yana ɓare gyaɗa. Yaya ya dubi ginin, ya dube ni, ya ce, "To, Allah ya dawo da shi lafiya." Ya juya keken.

Ina gaya wa kaina ceton ransa nake yi. Kullum na ji tarinsa ta bayan bango sai in ce, ka gani, da yanzu yana daji. Ban lura da abin da nake kashewa ba. A hankali ya daina faɗa da ƙananan malamai in sun makara. Ya daina zuwa gidajen iyaye roƙon a sako yara. Kokon dai bai daina ba, amma ya daina bin layi yana duban leɓɓa, sai ya ajiye tulun kawai, mai so ya sha. Daga ƙarshe ya daina rubutawa. Na ji daɗi, Allah ya yafe mini. Na ce a raina, alhamdu lillahi, ya huce.

Ranar da zai rasu, da hantsi, ya sa aka kira ni. Yana jingine da bango don ba ya iya kwanciya, numfashi yana fita da ƙyar. Ya kama hannuna ya ce, "Auta, ina neman gafararka."

Na ce, "Haba Yaya, ta me?"

Ya ce, "Shekara bakwai ina ɗora maka takardun da ba a so. Na san kallon da ake yi maka a ofis saboda ni. Ko sau ɗaya ba ka ƙi karɓa ba. Ka yafe mini."

Ga ƙofa Allah ya buɗe mini, faɗinta ya kai Ƙofar Gayan. Kalma uku ce kawai zan faɗa: "Ban kai ba." Na buɗe baki. Na dubi yadda ƙirjinsa ke ɗagawa, na ce in na faɗa yanzu ni na ƙarasa shi. Ko kuma tsoron ne dai, wanda ya faɗa. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Na yafe, Yaya."

Ni na yafe masa. Ku ji fa.

Bayan na ji abin da akawu ya buga a tafireta, kwana uku ina zuwa ofis ina dawowa kamar wanda aka yi wa kurciya. Ran na huɗu da la'asar na sauko da jakar na nufi ɗakin matar Yaya. Tana takaba, saboda haka a bakin ƙofa na durƙusa, asabari a tsakaninmu. Na tura jakar ta ƙasa.

Ta ce, "Mene ne wannan, Auta?"

Na gaya mata. Ban rage komai ba, har gyaɗar.

Na ji tana taɓa takardun, ita da ba ta karatun boko. Da ta yi magana, muryarta ba hawaye a ciki, kuma da ta yi kuka da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Ka san sau nawa yake rubuta kowace ɗaya? Sau uku. Ya rubuta ya yage, ya rubuta ya yage. Ya ce mini wataƙila shi ne bai iya tsara magana ba, shi ya sa ba a amsa masa. Da wannan ya tafi. Yana zaton shi ne bai iya ba."

Na ce, "Tsoro na ji kada a kai shi daji ya mutu."

Ta ce, "To da ka bar shi a gida, bai mutu ba?" Ta turo jakar waje da ƙafa. "Ba ni aka rubuta wa ba. Ɗauke."

Washegari na sa kakina na wanki, na tafi ofis ban biya ta zaure ba, karo na farko cikin shekara ashirin. Na jira har Babban Akawu ya iso, mai duba makarantu ya shigo da rahotonsa don a sa hannu. Na shiga ba a kira ni ba, na durƙusa, na zazzage jakar a kan tabarma. Gara ta ci gefen wasu, amma rubutun Yaya yana nan tsaf kamar ɗinkin hula.

Babban Akawu ya ce, "Baba Masinja, lafiya? Mene ne haka?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, saƙo ne. Ya ɗan daɗe a hanya."

Matashin ya durƙusa ya fara ɗauka ɗaya bayan ɗaya yana duba kwanan wata. Ya karanta ta farkon a fili. Da ya zo kan na huɗun ya ɗan tsaya, sannan ya karanta shi yadda yake. Akawun tafireta ya daina bugu. Fuskar Babban Akawu ta yi abin da na yi shekara bakwai ina gudu, kuma ga shi ban mutu ba.

Ya ce, "Da ka kawo wannan, da na yi fushi. Ƙila ma da na tura shi ƙauye, ban sani ba. Amma kai wa ya naɗa ka alƙali tsakanina da shi?" Ya karɓi takardar ya sake dubawa da kansa, ya ce, "Taga? Taga yake roƙo? Wannan ai magini ɗaya ne, yini ɗaya. Ko ina fushin da na sa an fasa masa."

Matashin ya ce, "Baba, ka san yara nawa suka zauna a bayan ajin nan cikin shekara bakwai?"

Na ce, "Malam, na fi kowa sanin yadda allo yake daga can."

Ya ɗauki rahotonsa ya ja layi a kan abin da ya rubuta, ya ba akawu ya sake bugawa. Babban Akawu ya so a cire maganar zaure, matashin ya ce takardun marigayi gaba ɗaya za su shiga fayil, in ba haka ba sai dai a cire shi kansa daga aikin. Suka yi ta ja, ban san inda za su ƙare ba, kuma ba na cikin masu jin ƙarshen, don a ranar aka ce in ajiye kaki. Abin da na sani shi ne sabon layin, don matashin ya zare kwafi ɗaya ya ba ni. Ga abin da ya ce: "Babban malamin da ya rasu ya sanar da ofis matsalolin makarantarsa a rubuce, shekara bakwai a jere. Masinjan ofis ne ya riƙe takardun." Ni na shiga fayil a inda Yaya ya fita. Shi ne karo na farko da aka buga ni a tafireta.

Na kawo wa matar Yaya, na karanta mata ta bayan asabari. Ba ta kira ni ƙaramin miji ba, kuma na san ba za ta sake ba. Ta ce, "Ni na ji. Saura shi."

Na fita ta bayan ganuwa zuwa maƙabarta, ana yayyafi. Ni na sa shi a kabari da hannuna, na ɗauka ko ido rufe zan gane wurin. Amma ruwan bana ya yi yawa, ciyawa ta rufe ko'ina, an yi sababbin kaburbura a layin, kuma ɓallin fasasshiyar tukunyar da na kafa don alama ba ta da bambanci da ta kowa. Na yi sama na yi ƙasa. Daga ƙarshe na tsaya a farkon layin, na yi sallama, na buɗe takardar na karanta da ƙarfi, baƙi bayan baƙi. Na matsa gaba kaɗan na sake karantawa. Na kuma matsawa na sake, don kada ya zama na tsaya nesa da shi.

Wani tsoho mai haƙan kabari yana fake a gindin bishiya yana kallona. Da na gama na uku ya ce, "Bawan Allah, wa kake nema?"

Na ce, "Saƙo na kawo wa yayana."

Ya ce, "Ai ka makara."

Na ce, "Na sani."

Allah ya jiƙan Yaya, ya yalwata masa makwanci, ya karɓi aikinsa da hannun da ba ya ɓatar da saƙo. Wanda ya karanta wannan ya ce amin.